Daren da Mama mai taliya ta hana ni zama

Jama'a, wannan ba a bakin wani na ji ba, da ni ya faru, Allah shi ne shaidata. Shekaru kusan bakwai ke nan, lokacin ina tuƙin tasi a jihar Maryland ta Amurka, ina zaune ni kaɗai a wani ɗan ɗaki a Silver Spring, iyalina suna gida, takarduna ba su fito ba balle in je in gan su. Aikin dare nake yi, to wanda yake kwana a kan titi ya wuni yana barci, ina zai ga mutane? Sai in yi sati ban yi Hausa da kowa ba sai a waya.

A Gaithersburg akwai wani filin ajiye motoci a bayan shagunan 'yan China. In an rufe shagunan, wata tsohuwa 'yar China takan zo da motar abincinta, ta kafa tebura biyu da ƙananan kujerun roba, ma'aikatan gidajen abinci in sun tashi ƙarfe ɗaya ko biyu nan suke taruwa. Taliya take yi a cikin romo, da kunun shinkafa mai gishiri, da wani tsiren rago da in ka rufe ido sai ka ce a gida kake. Tun ranar farko da na ce mata ba na cin alade ta nuna mini tukunyar kifi, daban take da ludayinta. Turancinta kaɗan ne. Ina ce mata Mama, tana ce mini Direba, iyakar hirar ke nan, amma wallahi har ɗokin wurin nake yi.

Wanda ya fara kai ni Malam Habu ne, wani dattijo mutumin Maraɗi, shi ma direba. Daga baya ciwon suga ya zaunar da shi a ɗakinsa a Lanham, ba mata ba ɗa. Yakan kira ni, in ina da fasinja in ce zan kira shi, in manta. Wata ranar Laraba ya kira ni sau uku ban ɗauka ba. Bayan kwana huɗu mai gidan ya buɗe ƙofa ya tarar da shi ya cika. Da muka yi masa salla ko sahu biyu ba mu cika ba. Daga nan na daina zuwa wurin Mama, zuciyata ba ta iyawa.

Sai wani dare a watan Agusta, ana zafi, na sauke fasinja a kusa da wurin wajen ƙarfe uku, yunwa ta ci ƙarfina, na ce bari in leƙa. Abin da na fara lura da shi, babu mota ko ɗaya a filin sai ta Mama, amma kujeru a cike, har ta ƙara tebura. Ta kashe fitilar motar, kyandir ne a kowane tebur, ga turare yana ci a ƙasa. Mutane sun kai ashirin, kowa ya sunkuya a kan kwanonsa, kuma ku da kuka san yadda ake shan romon taliya kun san ba a yin shiru. To ko ƙarar cokali babu.

Kujera ɗaya ce babu kowa. Na nufe ta, sai Mama ta fito da sauri, ita da take jan ƙafa, ta riƙe mini hannu da ƙarfi.

"Direba, ba yau ba. Tafi gida."

Na ce, "Mama, yunwa nake ji, kwano ɗaya kawai."

Ta ce, "Yau ba na masu gida ba ne. Na waɗanda ba a dafa musu ne."

Ban gane ba, na ɗauka biki suke yi. Na juya zan tafi, sai idona ya kai kan wanda yake kusa da kujerar nan. Ya ba ni baya, farar riga ce a jikinsa irin tamu, da hula, shi kaɗai ne baƙar fata a wurin. Bai waiwayo ba. Ya sa hannu ya jawo kujerar kusa da shi, ya ce da muryar da na sani kamar ta ubana, "Ɗan'uwa, zamna mana, ka daɗe ba ka zo ba."

Ba faɗa a muryar, ba fushi. Da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Abin da har yau yake ba ni tsoro shi ne na so in zauna, wallahi na so, don na gaji da cin abinci ni kaɗai. Mama ce ta yi ta tura ni har bakin mota, ta rufe mini ƙofa da kanta. Ayatul Kursiyyu nake karantawa ina kuka har Silver Spring.

Bayan sati biyu na yi ƙarfin hali na koma. Komai yadda na saba, fitila, motoci, surutu. Na tambaye ta su waye na gani. Ta ce a garinsu akwai watan da ake ajiye wa matattu abinci a bakin hanya, ita kuma tana yi wa waɗanda suka mutu nesa da gida. Ta ci gaba da juya romo, can sai ta ce, "Abokinka ya ce barkono ya yi kaɗan."

Duk abincin ƙasar nan haka Malam Habu yake cewa a kansa.

Ni Musulmi ne, na san wanda ya tafi ba ya dawowa. Malamin da na tambaya ya ce aljani ne, in yi sadaka, na yi. Amma ban san me zai faru ba da na zauna, kuma ba na son in sani. Ku da kuke ƙasar wani, in mai abincin dare ya ce muku ba yau ba, kada ku yi gardama. Kuma wanda kuka san yana zaune shi kaɗai, ku je ku ƙwanƙwasa masa ƙofa tun yana iya buɗewa.