Mai Sharar Kashin Awaki a Kasuwar Mayahi

Da la'asar kasuwar dabbobi ta Mayahi ke watsewa, shi kuwa lokacin yake fara aiki. Dogo ne siriri, gemu duk furfura, wando a naɗe har gwiwa. Yana durƙushe da tsintsiya da buhu, yana tattara kashin awakin da suka wuni a ɗaure.

Mai tallar maganin ciyawa ya tsaya kansa da kwalba. "Baba, feshi guda, ka huta da wahalar ga."

"Ɗana, gonata ba ciwo gare ta ba, yunwa taka ji," in ji shi. "In ƙasa ta ƙoshi, ciyawar wuta-wuta ba ta kashe hatsi."

Wataƙila ciyawar ce ta cinye masa geron bara. Wataƙila 'ya'yansa na cewa a sayar da gonar.

Yana murƙushe wani kashi da yatsu, sai ga ƙwayar gawo, cikin akuya ya riga ya tausasa ɓawonta. Wannan ba ta buhu ba ce. Ya cire hula, ya saka ƙwayar ciki, ya mayar bisa kai. In ya shuka ta ta zama itace, ganyenta zai ciyar da gonar wata rana, ko da jikoki ne za su girbe.