Baba Kunne da Jan Ƙyalle

Shekara arba'in da ɗaya Baba Kunne ya yi yana gyaran kekunan ɗinki a ma'aikata guda, wadda ke ɗinka rigunan ma'aikatan asibiti da kayan 'yan makaranta. Aikinsa ne ya raɗa masa sunan. A zamanin da yake ji da kansa, yakan tsaya a bakin ƙofar babban ɗakin, kekuna sittin na gudu lokaci ɗaya, ya ɗan karkata kai ya ce, "Na goma sha bakwai yana neman mai," ko kuwa, "Allurar na talatin da biyu ta lanƙwashe." A je a duba, a tarar haka ne. Wani injiniya ya taɓa yin musu da shi, ya kwance keke tsaf don ya ƙaryata shi, ya ƙare da miƙa masa hannu. Baba ya ba da wannan labari ya fi sau ɗari, kuma kowane karo sai digirin injiniyan ya ƙaru.

Yanzu kekuna talatin da huɗu ke aiki. Sauran an lulluɓe su da leda a ƙarshen ɗakin, ba don aiki ya yi ƙaranci ba, sai don babu mai zama a kansu. Matasa sun daina zuwa. In ma wani ya zo, wata biyu zai yi ya ce bayansa na ciwo, ya koma irin aikin da ake yi da waya a hannu. Wadda ta fi kowa ƙuruciya a ɗakin shekararta arba'in da tara, jikokinta biyu, amma har gobe Yarinya ake ce mata. Shi kansa Baba an yi masa liyafar ritaya shekara takwas da suka wuce, aka ba shi agogon bango, aka tafa masa. Ranar Litinin Manaja ya kira shi ya ce ya zo ya ɗan riƙe musu kafin a samu wani. Agogon ya tsaya sau biyu Baba ya gyara shi, wanin kuwa har yau bai iso ba.

Gaskiyar magana, Baba bai so ya iso ba. Matarsa ta rasu, manyan 'ya'yan sun yi nisa, sai autarsa da ke aiki a kantin magani suke zaune tare. A falonsu akwai wata kujera kusa da taga, inda ake hango titi da masu wucewa. Baba yana tsoron kujerar nan fiye da yadda yake tsoron ciwo, don ya ga abokansa uku sun zauna a irinta, kuma ba wanda ya daɗe.

To, ga abin da yake ɓoyewa: kunnen ya tafi. Shekara uku ke nan. Kukan tsuntsaye ne ya fara ɓace masa, sai ƙarar butar shayi, sai ƙananan muryoyin kekuna da ya ci abinci da su duk rayuwarsa. Bai gaya wa kowa ba. Ya koma bin layi yana ɗora tafin hannu a kan kowane tebur, yana jin rawar keken a fatarsa. In ya yi shakka sai ya kafa bakin doguwar sukundireba a jikin keken, ya dafa ƙotarta a muƙamuƙinsa, ƙarar ta bi ƙashi ta shiga kansa. In ana yi masa magana ya kalli baki. In bai gane ba ya yi 'yar dariya ya gyaɗa kai, don ya lura yawancin abin da mutane ke faɗa dariya ta ishe shi amsa.

Auta kam ta sani, don ita ke shan ƙarar talabijin. Ta sayo masa 'yar na'urar nan da ake sawa a kunne.

"Baba, ba abin kunya ba ne fa. Mutum nawa ke sa tabarau?"

"Tabarau daban, Auta. Ni Kunne ake ce min. Ranar da na shiga ɗakin nan da batir a kunne, ranar aikina ya ƙare."

Na'urar ta shiga durowa, ta kwanta kusa da tsohon tabaran mahaifiyarta.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ba ta cikin takardar aiki. Ƙarfe shida da rabi yake isa ma'aikata, awa guda kafin kowa, ya bi kekuna tara yana zura musu zare a allura. Abin ya samo asali ne daga Mai Kwala, wata dattijuwa mai tsinin baki da ta shekara talatin a layi na uku ba ta ɗinka komai sai kwalar riga. Wata safiya ya hango ta tana lasar bakin zare, ta nufi kafar allura ta kuskure, ta sake ta kuskure, har sau shida, sannan ta waiga ko wani ya gani. Baba ya kau da kai kamar yana neman sifana. Washegari ta tarar da zarenta a zure. Da sannu ya gano wasu takwas masu irin matsalarta, ya haɗa da su. In an tambaye shi sai ya ce gwaji yake yi.

Sai kuma batun jan ƙyalle. Dokarsa ce tun da daɗewa: duk keken da ya lalace a rataya masa jan ƙyalle a kan sandar zare, don ya hango daga nesa. Amma a 'yan shekarun nan sai ya riƙa ganin jan ƙyalle a kan keken da ke gudu lafiya ƙalau. Yakan yi tsaki ya ce matan nan tsufa ya sa musu ƙorafi. In ya buɗe kuma sai ya tarar da wani abu, ko bel ya fara saki, ko mai ya ƙafe. Sai ya gyara, ya goge hannu, ya ce a ransa ashe dai gwani gwani ne.

Ranar wata Talata Mai Kwala ta tafi asibiti a duba mata gwiwa. Babu jan ƙyalle ko ɗaya a ɗakin, Baba har yana jin daɗi. Wajen ƙarfe goma keke na goma sha huɗu, wanda Yarinya ke kai, ya fara wata siririyar ƙara, irin wadda ba ta girgiza tebur, kunne kaɗai ke kama ta. Baba ya zo wucewa, ya ɗora hannu, bai ji komai ba. Yarinya ta ɗago, kanta a karkace, ta ce, "Baba, ba ka jin wani abu kuwa?"

Bai ga bakinta sosai ba. Ya yi 'yar dariyarsa ya ce, "Lafiya lau, ci gaba."

Ta ci gaba. In Kunne ya ce lafiya, wace ce ita? Kafin sha biyu aka ji ƙauri, keken ya cije, ya feso baƙin mai a kan tarin fararen rigunan da ke gefensa. Ɗakin ya yi tsit, ko da yake Baba bai san ya yi ba, fuskoki kawai ya gani sun juyo.

Manaja mutum ne mai haƙuri, shi ma furfura ta gama da gemunsa. Ya rufe ƙofar ofis, ya zauna daidai gaban Baba.

"Baba, ni da ban san komai a keke ba, tun daga matakala na ji ƙarar nan. Na yi shiru ne don na gan ka a tsaye a wurin. Kai ka ji ta?"

Wannan karon Baba ya karanta kowace kalma a bakinsa. Ya sunkuyar da kai yana kallon baƙin man da ke ƙarƙashin farcensa.

Manaja ya taɓa masa hannu don ya ɗago. "Je ka huta zuwa Litinin. Ka dawo ka gaya min gaskiya, mu san abin yi. Masu kamfani za su tambaye ni, kuma ba zan yi musu ƙarya ba."

A kwana biyar ɗin nan Baba ya gyara fanka, ya gyara ƙofar banɗaki, ya kwance agogon ritaya wanda lafiyarsa ƙalau ya sake ɗaurawa. Ranar Asabar ya duba ko'ina, babu sauran abin gyara a gidan. Ya zauna a kujerar taga. Mutane na wucewa, bakunansu na motsi, motoci na tafiya shiru kamar a cikin ruwa. Baƙin ciki ya cika shi, ba don rigunan da suka ɓaci ba, sai don yardar da Yarinya ta yi da shi. Ya ɗauko takarda ya rubuta ajiye aiki, layi huɗu.

Litinin ya isa shida da rabi kamar kullum, takardar na aljihu, da niyyar ya zura zarensa na ƙarshe. Sai ya tarar an riga shi. Mai Kwala na zaune a layi na uku, gwiwa a naɗe da bandeji, zare a bakinta. Ta juyo gaba ɗaya yadda zai ga fuskarta, ta yi magana a hankali.

"Ka zo gwajin naka?"

"Na ƙarshe."

"Kunne, shekara biyar kana zura mana zare kana cewa gwaji ne. Idonmu ne ya yi rauni, ba hankalinmu ba. Kwana ukun da ba ka nan Yarinya ke zagaya kekuna tara tana zura mana, aikinta ya tsaya, namu ya tsaya. In ka tafi, mu tara za mu bi ka kafin shekara ta fita."

Ta jawo jakarta ta zazzage a kan tebur, sai ga jajayen ƙyallaye tsibi guda, an yanka su daidai wa daida.

"Wa kake tsammani ke rataya waɗannan? Shekara talatin ina zaune ina jin kana faɗin cutar kekuna da sunansu. Ko kan dutse gare ni ai na koya. In na ji abu sai in tashi kamar zan sha ruwa, in rataya in wuce. Ranar da na je asibiti kaɗai na bar ka, ka ga abin da ka yi."

Baba ya nemi kujera ya zauna. Duk gwanintar da yake yaba wa kansa a shekara uku, ashe rabinta a jakar matar nan take.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da na ce maka an kwantar da maigidana a asibiti, an ce ba zai tashi ba, ka yi dariya ka gyaɗa kai."

Ya ji kamar an ɗora masa keke a ƙirji. Ya tuna rasuwar, ya je gaisuwa, ya zauna, ya yi addu'a. Amma waccan ranar bai san da ita ba sam.

"Na yi kwana biyu ba na gaishe ka," ta ce. "Sannan na tsaya a bayanka na kira ka sau uku, ba ka waiga ba. Sai na je na yanka ƙyalle."

Da Manaja ya iso, Baba bai fito da takardar ba. Ya tsaya a gaban tebur ya ce, "Ranka ya daɗe, ba na ji. Shekara uku ke nan. Mai Kwala ke ji, ni ke gyarawa. In hakan zai yi, ga mu. In ba zai yi ba, takardata na aljihu."

Manaja ya daɗe yana shafa gemu. Ya nuna masa ta taga sanarwar neman bakanike da ke manne a bakin ƙofa, rana ta cinye rubutunta. Ya ce zai kai maganar sama yadda take, kuma zai tsaya musu, bisa sharaɗi biyu. Mai Kwala za ta riƙa zagaya layuka tare da shi kowace safiya, a fili, da sanin ofis. Shi kuma zai sa abin ji a kunne, ko don ƙararrawar gobara.

Da yamma ya ce wa Auta ta buɗe durowar. Ba ta ce masa ai na faɗa ba, amma ta yi murmushin da ya fi faɗar ciwo.

Na'urar ba ta dawo masa da kunnensa ba. Washegari da kekuna suka tashi, sai ya ji su kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa, ba ya bambance na uku da na talatin. Wancan Kunnen na bakin ƙofa ya tafi, kuma ya san ba zai dawo ba. Abin da ta dawo masa da shi muryoyi ne. Mata suka yi ta zuwa suna gaishe shi da ƙarfi kamar yana tsallaken titi, nan ya gane ɗakin gaba ɗaya shekara uku yana yi masa ihu, shi yana ganin ya ɓoye sirri. Ya ce, "Ku yi a hankali mana, kurma ne ni?" Aka yi dariya, wannan karon ya san dalilinta.

Sai Mai Kwala ta ce masa ina kwana. Muryar da ya ajiye a kansa mai kaifi ce kamar almakashi. Wadda ya ji yanzu ta dushe, tana ɗan rawa a ƙarshen kalma. Ta tsufa a lokacin da ba ya ji.

Lokacin hutun rana ya jawo kujera ya ajiye kusa da kekenta.

"Maganar nan da kika yi min ranar, ta maigidanki. Ki sake faɗa min, tun daga farko."

Ta dube shi, ta dubi abin da ke kunnensa, ta kau da kai ta goge ido da bakin mayafi.

"Zaren ya fita," ta ce. "Zura min tukuna."

Ya zura mata, ya gyara zama, ya juyo mata da kunnen dama.