Fuskar Wiebusch a Takardar Fenik Hamsin

Traugott Wiebusch baduku ne a Ellernbrück, gwauro, haƙoransa na sama saura huɗu, hancinsa kuwa ya ishi mutum biyu. Bayan yaƙi tsabar kuɗi ta ɓace ɓat. Ka sayi burodi, canjinka kan sarki ne ko maɓalli. Sai majalisar gari ta ce za ta buga kuɗinta na takarda kamar maƙwabta, da hoton Shaiɗanin da ake cewa ya taɓa sace ƙararrawar cocinsu. Mai zane ya rasa wanda zai zauna masa. Aka ba Wiebusch giya kofi biyu da tsire uku, aka ce hoton dattijon gari za a yi.

Takardar fenik hamsin, ƙaramin kuɗinsu ke nan, ta fito: ƙaho biyu, wutsiya ɗaya, sauran duk Wiebusch.

Lokacin kuwa yana neman auren Frau Lünstedt, bazawara mai gidan burodi a tsallaken titi.

"Herr Wiebusch, yau sau goma sha tara aka miƙo min kai. Ɗaya ma a jiƙe."

"Ai ba ni ba ne, Frau Lünstedt."

"Wutsiyar ce kawai ban tabbatar ba."

Da ya taso da maganar aure ta ce, "Sai wa'adinka ya cika. Ba na auren mijin da ke aljihun kowace mace a garin nan."

Kowace takarda akwai ranar mutuwarta a rubuce a ƙasa, ranar na wucewa ta zama ta hura wuta. Wiebusch ya zauna jira, yana ɗinki yana fito.

Ashe masu tara irin takardun nan a Hamburg da Leipzig sun ga hancin sun haukace. Suna aiko da kuɗi ta gidan waya, ba mai dawo da takardarsa a biya shi, gari ya gyara gada da ribar. Majalisa ta ƙara wa'adi, ta ƙara bugu. Wiebusch ya je ofishin majalisa da guduma a hannu. Magajin gari ya rungume shi ya ce, "Ɗan'uwa, ko za ka juya mana gefe? Na fenik saba'in da biyar muke so."

Ya dawo shago ya kasa ko zura zare a allura. Sai ga Frau Lünstedt, garin fulawa har gwiwar hannu.

"Na yi lissafi. Cikin baƙi goma da ke sauka a jirgin ƙasa, bakwai tambayata suke ina Shaiɗan yake. In nuna musu shagonka, su tsallaka da kuɗinsu, kai kuma ka kore su. Asarar ta ishe ni. Kwaso kayanka."

"To wa'adin fa?"

"Na soke."

Aka ɗaura aure. Ta ajiye masa kujera bakin taga, yana sa hannu a bayan takarda, fenik goma, ita ke karɓa. Sai dai tun da ya samu mata da miya mai zafi fuskarsa ta saki, baƙi suka fara cewa bai yi kama ba. Da ta ji ƙarar jirgi sai ta leƙo daga ɗakin gashin burodi.

"Maigida, na Hamburg ya iso. Ɗaure fuska, don Allah!"