Buhun Ƙonni da Kajin Hajiya

Jama'a, ashe da hannuna na kashe sana'ar matata!

Yau Laraba, ƙarfe tara na safe, ina tsakar gida da Hajiya da maƙwabcinmu Malam Isufu, mutumin Ƙonni. Kajinta goma sha biyu sun yi wata biyu ba ƙwai, sai ƙiba. Muka yanka ɗaya. Kitse ne cunkus!

Malam Isufu ya ce, "Mi kaka ba su?"

Na jawo buhun abincin da na sayo musu a Ƙonni, ƙetaren iyaka. Ni hoton kaza kawai na gani a jiki. Ya karanta rubutun Faransancin da ke kai, ya riƙe baki.

"Alhaji, wanga na kajin nama na!"

Hajiya ta ce, "Suna komawa yin ƙwai?"

Ya ce, "Da wuya."

Da azahar mai gashin kaji ya kwashe sauran.