Kunnen Hagu

Ban shiga aikin kyanwoyi don son kyanwa ba. Na shiga ne saboda ina jin Hausa. Wata ƙungiyar sa kai ce ta buɗe gidan kula da dabbobin titi a bayan gari, can inda gidaje suke ƙarewa baƙin dutse ya fara. Da suka ga matan unguwar Harra ta Gabas ba sa buɗe musu ƙofa, sai suka nemi wadda za ta yi sallama da harshen da za a amsa. Ni a Madina aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata, kakata ce ta taka da ƙafa daga ƙasar Kano. Tun ina ƙarama, Hausa a wurinmu harshe ne da ake rage murya in za a yi shi a layin asibiti, sai ga shi rana ɗaya ta zama abin ɗaukar aiki. Na yi dariya na karɓa.

Aikin ba shi da wani ado. Da safe mu wanke kejuna, mu canza yashi, mu zuba abinci, mu raba masu mura da masu lafiya. Warin wurin yana bin abaya har gida, ƙannena su toshe hanci su ce da Larabci wai ga uwar kyanwoyi ta dawo. Wani lokaci a kawo 'yan makaranta su shafa dabbobi a koya musu tausayi. Wani lokaci a yi ranar bayar da riƙo, mutanen manyan unguwanni su zo da turarensu su zaɓi farare masu dogon gashi, su bar mana baƙaƙe da masu ido ɗaya. Ni dai na lura ko a cikin kyanwoyi fara ce take fara samun gida, kuma ban yi mamaki ba.

Babban shirin gidan shi ne na kamawa da mayarwa. Mota takan shiga unguwa da tarko, a kamo kyanwoyin titi, likita ya yi musu aikin hana haihuwa, ya ɗan datse bakin kunnen hagu, in sun warke a mayar da su inda aka ɗauko su. Datsewar ita ce shaida. Duk wadda masu tarko suka gani da guntun kunne, sun san an gama da ita, sai su wuce. Nawa aikin shi ne in shiga gidaje in yi wa mata wannan bayanin, in sha shayi, in sha tambaya.

A haka na san Inna. Ba uwata ba ce, duk layin haka suke kiranta. Daga Chadi ta zo tun tana da ƙuruciyarta, mijinta ya rasu a nan, ɗanta ɗaya yana aiki a garin Yanbu. Tana sayar da dafaffiyar gyaɗa da yajin tsire a bakin ƙofarta, ɗakinta ɗaya da ɗan tsakar gida. Abokiyar zamanta wata jar kyanwa ce siririya mai farin wuya, wadda ta tsinta tana jaririya a cikin kwali. Tare suke cin abinci, a kan ƙafarta take kwana, kuma Inna tana yi mata hira da faɗa kamar jika. In ta makara dawowa daga yawo sai ka ji tsohuwa tana cewa, "Daga ina? Gidan ubanwa kika tsaya?"

Na zauna a tabarmarta na yi mata bayani tiryan-tiryan. Na ce ta bari in kai jar a yi mata aikin a matsayin kyanwar gida, a yi mata rajista da sunanta, ni da kaina zan dawo da ita. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce:

"'Yata, shekaruna nawa a layin nan? Waɗanda mota ta ɗauka, nawa kika ga sun dawo?"

Ba kyanwoyi take nufi ba, na kuma gane. Ta ga an ɗauke maƙwabta saboda rashin takardar zama, tukunyarsu tana kan wuta. Na ce wannan motar daban ce. Ta ce mota duk mota ce. Na yi lallashi, na haɗa ta da Allah, ta kafe. Har na miƙe zan tafi sai ta tambaye ni, kamar abin bai dame ta ba, "Masu yankakken kunnen nan, kin ce ba a taɓa su?" Na ce ba a taɓa su. Gaskiya na faɗa, a lokacin haka dokar gidan take.

Da na sake zagayowa na tarar da jar tana kwance a inuwa da guntun kunnen hagu, bakin ciwon ya bushe da toka. Inna ta yi da kanta da sabuwar reza. Ta faɗa mini tana murmushi, har da alfahari. A garinsu, in ji ta, haka mahaifinta yake yi wa awakinsa. Kowane gida da irin yankansa, akuya ko ta kwana a daji, duk wanda ya duba kunnenta ya san tana da mai ita. "Kin ga na huta," in ji ta. "Su sun ga alamarsu sun wuce, ni kuma na sa tawa." Na yi mata faɗa a kan reza da toka, na shafa wa kyanwar magani. Amma in faɗi gaskiya, dabarar ta yi aiki. Masu tarko sun zo sun tafi sau da dama, jar tana zaune a kan katanga tana kallonsu.

Sai aka gina wani dogon bene na masaukin baƙi a bakin unguwa, mai gilashi da fitilu. Masu shi suka fara ƙorafi cewa kyanwoyi suna kwana a kan motocin baƙinsu, suna yaga ledar shara. A daidai lokacin aka kawo mana sabon shugaba, mudir muke ce masa, saurayi mai tsabta wanda ban taɓa ganin gashin kyanwa a rigarsa ba. Ya zo da sabon tsari, ya kuma ji daɗin kansa ƙwarai. Duk kyanwar da aka kama a wannan yankin, in kunnenta cikakke ne, a kawo ta gidanmu ta zauna 'yan kwanaki, ko tana da mai ita ya zo nema. In kuwa kunnenta a datse yake, to tamu ce, ta titi ce, ba mai ita, ba ta haihuwa. Wannan ba sai ta biyo ta gidan ba, daga tarko sai gonakin dabino na bayan gari, ta je ta kama ɓeraye. Ya ce kowa ya amfana: masu bene, manoma, har da kyanwoyin.

Ba wanda ya gaya mini. Ni da aka ɗauka don in yi magana da mutanen unguwa, sai bayan an kwashe na ji, kuma daga bakin Inna na ji.

Da hantsi ta iso gidan namu, ita da ta rantse ba za ta taka shi ba. Ta ɗauko tasi, ta rungumo wani kwali a ƙirji. Ta buɗe mini, sai ga jarirai uku, idonsu ko buɗewa bai yi ba, suna ta wannan siririn kukan. Jar ta haihu a ƙarƙashin gadonta. Ta fita neman abin da za ta ci, maƙwabta suka ga an sa ta a mota.

Na duba kejuna ɗaya bayan ɗaya, ko da yake jikina ya riga ya ba ni. Sannan na shigar da Inna ofishin mudir, ina fassara. Ya ba ta kujera, ya sa aka kawo mata ruwa, ladabi kam ba a cewa komai. Ya ce wa ya ce tata ce? Inna ta ce ai akwai alamarta a kunne. Na fassara. Ya ce alamar nan ita ce take nuna ba ta kowa ba ce. Na fassara wannan ma. Ya ƙara da cewa, ban da haka, mai datsattsen kunne ba ta haihuwa, wataƙila Hajiya ta rikita ta da wata. Na ɗauki kwalin na dire masa a kan teburinsa mai sheƙi, na ce to waɗannan daga sama suka faɗo?

Da ya gane abin da ya faru, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Wannan ai ɓata mana tsari ne." Ba na mantawa da wannan maganar. Ga tsohuwa a gabansa, ga jarirai suna kukan yunwa, shi tsarinsa yake wa jaje. Inna ta juyo ta ce, "Me ya ce, 'yata?" Na ce ya ce za a duba.

Direban motar mutumin kirki ne, ɗan Sudan. Ya ce gonaki da yawa ya bi, kowace ya buɗe wasu kejuna, bai riƙe wacce ya sauke a ina ba, don ba a ce ya riƙe ba. Ranar hutunsa ya ɗauke mu a motarsa. Muka bi gonakin da rana tsaka, zafi kamar a bakin tanderu. Inna ta sauka da sandarta da ɗan kifin gwangwani, ta shiga tsakanin itatuwan dabino tana kira da wannan tsotsar leɓen da take yi kullum. Kyanwoyi suka dinga fitowa daga bayan famfon ban ruwa, daga ƙarƙashin busassun ganye, ramammu, duk da guntun kunnen hagu. Suka kewaye ta. Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Akwai jajaye a ciki, amma babu mai farin wuya. Ta juye musu kifin, muka wuce gona ta gaba. Haka muka yi har ƙafarta ta kasa, ta zauna a kan wani dutse ta ce, "Ni na yanke ta da hannuna." Na ce ba ke kika sa ta a mota ba.

Na koya mata ba jariran madara da sirinji. Biyu ba su yi rai ba. Ta ukun, ja kamar uwarta, ta rayu, Allah ne kaɗai ya san yadda aka yi. Ana cikin haka mudir ya aiko ni da abin da ya kira kyauta: a ranar bayar da riƙo za a ba Hajiya wata farar kyanwa mai dogon gashi, a ɗauki hoto, a nuna cewa gidan yana tare da mutanen unguwa. Na isar da saƙo don an aike ni. Inna ta ce, "Ki ce masa na gode. In 'yarsa ta ɓata, a ba shi wata fara."

Bayan wannan jikinta bai ƙara daidaituwa ba. Ɗanta ya zo ya ce halas, magana ta ƙare, ba za ta ƙara zama ita kaɗai ba, Yanbu za su tafi. Gidan da kamfani ya ba shi ba a yarda da dabba. Ranar tafiya ta miƙo mini 'yar jar, wadda ta fara girma, ta riƙe hannuna da ƙarfi. "Ki riƙe ta. Kar ki bari a taɓa kunnenta." Na yi mata alkawari.

Na kai ta gidanmu, ƙannena masu toshe hanci su suka fi kowa lalata ta da gata. Da ta isa a yi mata aikin hana haihuwa, na kai ta wurin likitanmu da kaina. Na gaya masa tawa ce, ta gida ce. Na gaya wa mai taimaka masa. Na ɗaura jan zare a kejin don kar a manta. Sai aka kira ni in fassara wa wata mata a bakin ƙofa. Kafin in dawo an gama. Ranar jerin kyanwoyin titi ake yi, ɗaya bayan ɗaya, hannu ya saba: a ɗinke ciki, a ɗauki almakashi. Likitan ya ga jar kyanwa irin ta layi a cikin kejin gidan, bai ko tsaya tunani ba. Da na ɗaga murya ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ai ba ya yi mata ciwo." Na cire rigar aikin na ajiye masa a kan teburin, ban sake komawa ba.

Inna takan kira ni ta wayar ɗanta, irin kiran da ake ganin juna. Gaisuwa kaɗan take yi, sai ta ce in nuna mata 'yar. Kiran farko bayan aikin na ɗauko ta na riƙe ta a gicciye, ɓangaren dama yana kallon waya. Inna ta matso da fuskarta har hancinta ya cika gilashin, tana yi mata tsotsar leɓe, tana cewa ta yi ƙiba. Sai ta ce, "Juyo mini ɗaya gefen."

Na juya ta.

Ta ƙura wa guntun kunnen ido, ina jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki a bayanta. Ba ta tambayi wa ya yi ba, ba ta kuma tuna mini alkawari ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Can ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "To, ki rufe ƙofa, 'yata. Kar ki bar ta ta fita. Yanzu duk wanda ya gan ta zai ce ba ta da kowa."