Cinyar Mahfuz da Kafaɗar Jalo

Ranar Asabar ta ƙarshe da ɗana Mahfuz ya yi da lafiya, da asuba ya ɗaure burodi a bayan kekensa ya raba wa shagunan Gwallaga da Yelwa, kamar kullum. Wannan aiki ne ya gina shi daga ƙugu zuwa ƙasa: cinya dam, sha-raɓa kamar dutse, hannuwa kuwa sirara.

Da hantsi ya nufi dam ɗin Gubi wurin taubashinsa Jalo, ɗan ƙanwata, masunci. Shi kuma kwalekwale ya gina shi daga ƙugu zuwa sama: kafaɗa faffaɗa, damtse cike, ƙafafu kamar na balbela. Na bi shi a babur domin in zama shaida. Mahfuz yana son Ni'ima, ƙanwar Jalo, Jalo kuwa ya rantse ba zai kai maganar gun mahaifinsu ba sai Mahfuz ya kai kwalekwale waccan gaɓar.

"Da wannan tsinken hannun za ka riƙe min ƙanwa?" in ji Jalo.

"Yi shiru, mai ƙafar aro."

Da azahar Mahfuz ya shiga jirgin. Ya tokare ƙafafu yana dannawa kamar feda, filafilin kuma gefe guda kawai yake sa shi. Jirgin ya yi ta juyawa wuri ɗaya, masunta na kwance a ƙasa don dariya. Sai ya duba ruwan, ya ga lokacin rani ne, bai wuce ƙirji ba. Ya dira, ya sa kai a bayan jirgin, ya tura shi cikin laka har gaɓar.

Jalo ya juyo gare ni. "Kawu, ai wannan zamba ce!"

Na ce, "Ka ce ya kai jirgi. Ba ka ce da wace gaɓar jiki ba."

Bayan la'asar Jalo ya je ya yi wa mahaifinsu magana, yana gunaguni. Aka amince.

Lahadi Mahfuz ya tashi da ciwon kai da sanƙarewar wuya. Likita ya ce sanƙarau ne. Allah ya karɓi abinsa kafin Juma'a.

Ni da mahaifiyarsa muka yi sadaka da tufafinsa. Keken kuwa, da yake an riga an amsa masa, gidansu Ni'ima muka aika da shi. Ni'ima ta sa tela ya ɗinka wa keken riga, ta jingine shi a ɗakinta, ta hana Jalo ko taɓa ƙararrawar.