Langar da Na Ce Ta Riƙe

Gwaggo Hansai ba ta san baƙi ko ɗaya ba, na boko ko na ajami, sai abin da take salla da shi. Amma ita ce ta kayar da ni a fannin da nake da takardar shaida a kansa, kuma ta yi hakan tana zaune a kan tabarmata tana cin gyaɗata. Har yau in na tuna sai kunya da ƙauna su taso min tare.

Yayar mahaifina ce. A Zakka aka haife ta, gidan manoma, ta auri wani Bafillace mai suna Yero, ta bi shi ruga shekara ashirin. A can surukarta ta koya mata ɗinkin ƙwarya. Yero ya rasu a shekarar da aka sami mulkin kai, ta dawo Zakka da saniya ɗaya da basilla da bakinta wanda ba ya tsoron kowa. Daga nan ta shiga bin kasuwanni, yau Batsari, jibi Safana, mata na kawo mata fasassun ƙore. Ta huda, ta ja zaren kaba, ta ɗinke tsaf yadda ko nono aka zuba ba zai ɗiga ba. Ta san ƙwaryar kowane gida. Tana duban tsagar za ta gaya maka ko suɓucewa ta yi ko jifa aka yi da ita, kuma ba ta jiran a tambaye ta kafin ta faɗa.

Da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, langa da roba suka cika kasuwa, sana'arta ta fara ja da baya. Ban taɓa jin ta koka ba. Cewa kawai take yi langa in ta kwarzabe ba mai iya mata komai, ita kuwa ƙwarya tana karɓar haƙuri.

Ni Maijidda, a lokacin ina koyarwa a firamaren Safana, mijina Muntaka akawu ne a Batsari, yana zuwa yana dawowa a babur. Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka zo na sayi langa shida, farare masu jan baki, na jera su a ɗaki ina kallo kamar ni na ƙera su. Ina kuma da ƙawa, Bara'atu. Tun aji ɗaya muke benci guda, kuma a rubutu kullum ita ce gaba da ni. Ni na wuce kwalejin horon malamai, ita ta tsaya a aji bakwai, ta auri Sule, manomi a Zakka. Duk da haka ƙwarya ba ta daina yawo tsakaninmu ba. Tawa ta je da tuwo, ta dawo da daddawa. Tata ta zo da zogale, ta koma da ƙuli-ƙuli.

A wata ƙaramar salla na kai mata tuwon shinkafa da miyar kaji a cikin ɗaya daga langunan nan. Ta tashi za ta juye ta wanke, na ce ta bari, ta riƙe langar, ai ina da biyar a gida. Na hau mota na dawo ina jin kaina wata waliyiya.

Daga ranar ba abin da ya sake zuwa daga Zakka. In mun haɗu a biki gaisuwarta sai ta yi tsawo, har da rusunawa, kuma ta daina ce min Jidda, ta koma Malama. Wannan Malamar ta fi zagi yi min ciwo. Wata takwas ina neman laifina ban gani ba, sai na yanke cewa hassada ce, tunda shi ne bayanin da bai taɓa ni ba. Ƙawancen shekara ashirin yana mutuwa a gabana, ni kuwa ina hura hanci.

A wani suna a Zakka Bara'atu ta miƙo min takardu huɗu da ta yago daga littafin rubutu. Ta ce labari ne ta ɗan rubuta, in duba mata tunda ni ce malama. Labarin mata biyu ne, Mero matar ɗan kwangila mai haƙorin Makka, da Tasalla matar manomi. Mero ta aika wa Tasalla abinci a sabon kwano. Tasalla ta auno gyaɗa za ta zuba a mayar, sai saƙo ya zo cewa ta riƙe kwanon. Ta mayar da gyaɗar buhu. Ta ɗora kwanon a kan rumbu, ba ta taɓa cin abinci a ciki ba, amma duk Juma'a sai ta sauke shi ta wanke. Nan labarin ya tsaya.

Abin da aka koya mana a kwaleji ke nan, don haka na ɗauko jan biro na zauna. Taurari: Mero mai kyauta, Tasalla mai ƙyashi. Rikici: talauci da girman kai. Kwano alama ce ta ci gaban zamani wanda ɗan ƙauye yake tsoro. Jigo: rashin godiya. Na ƙara da cewa labarin bai da ƙarshe, a sake gyarawa. Ko kusa ban ga kaina a ciki ba. Mero fa matar ɗan kwangila ce, ni kuwa malamar firamare ce mai alli a hannu. Ban san cewa ba wanda yake gane kansa a matsayin mai kuɗin labari ba.

Ranar kasuwar Safana, bayan azahar, Gwaggo ta biyo ta gidana kamar kullum, da wata tsohuwar ƙwarya da ba ta gama ɗinkewa ba. Na zuba mata gyaɗa, na ce bari in karanta mata wani labari ta ji yadda muke feɗe shi a makaranta. Gaskiya burge ta nake son yi. Na karanta labarin, na bi da sharhina, ina ɗaga murya a kan kalmomin da na san ba ta sani ba.

Ba ta ɗago daga ɗinkinta ba. Ta tambaye ni ma'anar jigo, na ce abin da labari yake son faɗa. Ta tambayi rikici tsakanin wa da wa, na maimaita mata. Sai ta ce in koma wurin gyaɗa in sake karantawa a hankali. Na sake.

"To, ɗiyata, mai ƙyashi ce ke auno gyaɗa?" ta ce. "Wanga labari ba na rashin godiya ba ne. An kori mace ne daga ƙawance, ke kuma kin bi ta da jan biro."

Na ce wace irin kora, ai kyauta aka yi mata. Ta ajiye basillar, abin da ba ta cika yi ba, ta yi min bayani kamar mai koya wa yarinya dama fura. Ta ce muddin kwano yana zuwa yana dawowa, gidajen biyu daidai suke, ko da ɗaya nama yake zubawa ɗaya kuka. Wanda ba a jiran kwano daga wurinsa shi ne wanda aka ba sadaka. Mero ba muguwa ba ce, in ji ta, mantuwa ta yi, kuma mantuwar mai hali ta fi mugunta wuyar magani don shi bai san ya yi ba. Tasalla ba ta ci a kwanon ba saboda ba ta yarda nata ba ne. Wankin Juma'a kuwa jira ne, tana ajiye shi da tsabta ko mai shi za ta aiko.

Na ce to ai labarin bai ƙare ba. Ta ce ya za a yi ya ƙare, ƙarshen ba a hannun mai rubutun yake ba. Sannan ta juya ta dubi jerena, ta nuna da baki.

"Shida na san su. Ina ta shidan?"

Na dubi takardun, rubutun Bara'atu mai kyau da na sani tun muna yara, da jan birona ya bi ya tattake shi. Na fashe da kuka a gaban Gwaggo, ita kuwa ta ci gaba da ɓare gyaɗa har na gama. Na ce gobe zan sayi atamfa in je in ba Bara'atu haƙuri. Ta ce in na kai atamfa na ƙara kwano na biyu a kan rumbu, haƙurin kuma zai sa ta rusuna min ta ce ba komai, Malama.

"Ki tafi hannu wofi," ta ce. "Ki je ki karɓo abinki, kuma kada ki yi ladabi."

Ban taɓa jin shawarar da ta fi wannan kama da hauka ba, amma na bi. Washegari na shiga akori-kura zuwa Zakka. Na tarar da Bara'atu tana sussuka a tsakar gida. Ta saki taɓarya, ta fara doguwar gaisuwar nan tata, tana shirin durƙusawa. Na katse ta.

"Ke Bara'atu, ba ki da kunya? Wata takwas kin riƙe min langa. Jerena ya zama giɓi, ba ni abina."

Ta tsaya tana kallona. Ban san ko za ta zage ni ba, kuma da ta yi da na cancanta. Sai ta juya ta shiga ɗaki. Ta daɗe. Da ta fito, langar na hannunta, fes kamar ranar da na saye ta, murfin ya kasa rufuwa don daddawa. Ta dangwara min ita a hannu, idonta ya yi ja.

"Ungo tsiyarki, Jidda. Dama ta cika min ɗaki."

Muka zauna a kan turmi da buhu muna dariya muna share ido. Ta tambayi takardunta, na ce akuya ta cinye. Ta ce ƙarya nake, na ce ƙarya nake. Ban taɓa nuna mata jan biron nan ba.

Gwaggo Hansai ta rasu da damina bayan shekara shida, tana da ƙwarya biyu na mutane da ba ta gama ɗinkewa ba. Na koyar da karatun labari shekaru da yawa bayanta, kuma duk ajin da na shiga, kafin in ce jigo ko alama, sai na tambayi yara abin da mutumin labarin ya auno da abin da ya mayar buhu. Ba na gaya musu inda na koyo, don ba za su yarda ba.

Langar tana nan. Jan bakinta ya goge, gindinta ya kwarzabe, sauran biyar ɗin kuwa ban ma san inda suka shiga ba. Yanzu haka tana Zakka, yau kwana tara ke nan, kuma na fara jin haushi.